Gara Mai Farar Mota

Shekara tara Malama Adawiyya ta yi tana koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata da ke gefen garin Gwarzo, kullum tana tasowa daga Kabo a motar haya, kuma ba a taɓa kiran ta ofishin shugaban makaranta tana tsakiyar darasi ba sai ran wata Litinin a cikin kaka. Ko allin hannunta ba ta ajiye ba ta fita.

A hanya ta wuce ta gefen kututturen tsamiyar makaranta. Tsohuwar bishiya ce da ake taron safe a ƙarƙashinta tun kafin a ɗauke ta aiki. Makonni uku da suka wuce aka dawo hutun ƙarshen mako aka tarar an sare ta. Shugaban makaranta, Alhaji Ja'afaru, ya ce rassanta na barazana ga rufin aji. Mutanen gari kuwa suka ce masu gawayi ya sayar wa. Ba wanda ya faɗa a gabansa.

Ta yi sallama ta shiga. Alhaji Ja'afaru na zaune, mataimakinsa Malam Mahbub na tsaye jikin taga ya harɗe hannuwa. Aka gaisa, aka tambayi gida da yara da hanya, amma gaisuwar ba ta da ɗumi. Sai shugaban ya turo mata wata takarda da aka buga da na'ura.

"An liƙa wannan a allon sanarwa," in ji shi. "Kafin a cire, wata ta ɗauki hotonta. Yanzu tana yawo a wayoyin iyayen yara. Karanta."

Ta ɗauka. Waƙa ce.

Kun ji kukan tsohuwarmu tsamiya,
Ta yi goyon duk ɗiyan gidan jiya.

Sai gara mai farar mota ta kama cin ta har wuya,
Faɗuwa ta yo kamar ta saniya.

Ya sayar da ita ga masu gawayi,
Allah ya isa tsakaninmu da shugaba.

Tun a layin farko ta gane abin da ke hannunta. Ta san waƙar. Ita ta sa mata maki da jan biro. A farkon zango ta ba 'yan aji biyu aikin rubuta waƙa a kan wani abu da suka yi rashi, kuma wannan ita ce ta Zubaidatu, wata siririyar yarinya 'yar Dugabau da ke zaune wurin goggonta a Gwarzo saboda karatu, wadda ba ta ɗaga hannu a aji ko da ta san amsa. Sai dai akwai abin da ke yi wa Malama Adawiyya baƙo a takardar, ta kasa kama shi nan take. Ta daure fuskarta, don ta lura idon Malam Mahbub na kanta.

"Ke ce malamar wannan fanni," in ji Alhaji Ja'afaru. "Me ake kiran wannan? A mai da mutum gara?"

"Dabbantarwa, ranka ya daɗe. A ba mutum halin dabba ko ƙwaro."

"Ita kuma bishiyar da ke kuka da goyo?"

"Mutuntarwa. A ba abin da ba mutum ba halin mutum."

"Madalla. Wa ke koyar da waɗannan abubuwa a makarantar nan?"

"Ni ce."

"Wa ke da farar mota a makarantar nan?"

Ta kalli waje. Farar motarsa na fake a bakin ofis, ana hango ta ta taga.

Malam Mahbub ya yi gyaran murya. "Ba wanda ya ce ke kika rubuta, Malama. Amma kowane marubuci da salonsa, ko ba haka kuke koya wa yara ba? Ke kike duba rubutunsu. Idan ta ɗaliba ce, ai ba za ta ɓace miki ba. Idan kuma ba ta ɗaliba ba ce..." Bai ƙarasa ba, ya buɗe tafin hannunsa kawai.

Shugaban ya ce ya ba ta zuwa Litinin mai zuwa ta kawo masa suna. Duk wadda aka kama, korar ta zai yi a gaban taro.

Da ta koma aji, abin da ta fara dubawa kujerar Zubaidatu ce. Babu kowa a kai. Ta tambaya, aka ce tun ran Alhamis ba ta zo ba, wai ta tafi gida. Ran Juma'a da safe aka ga takardar a allo. Malama Adawiyya ta haɗa abubuwan biyu a ranta. Biri ya yi kama da mutum. Yarinya ta liƙa abu da yamma, ta gudu ƙauye kafin gari ya waye. Shiru-shirun nan da take yi ashe ba tsoro ba ne? Ta tuna yadda ta yaba wa waƙar a gaban aji, ta ce wannan yarinya kunnenta ya fi na malamarta. Ko yabon ne ya hau mata kai?

Bayan an tashi ta buɗe kabad ɗin ofishin malamai inda take ajiye littattafan aikin 'yan aji biyu. Ta ƙirga, hamsin da uku. Ya kamata su zama hamsin da huɗu. Ta sake bi ɗaya bayan ɗaya tana karanta sunaye. Na Zubaidatu ne babu. Tana cikin haka ta ji kamar ana kallon ta, ta waiga, sai ta ga malamai biyu sun yi saurin mai da kai kan wayoyinsu. Tun kafin azahar labari ya gama makaranta, cewa an kira malamar Hausa ofis a kan waƙa.

A gida bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ɗora takardar a cinya. Ta yi abin da take sa yara su yi, wato ta karanta a bayyane tana buga gaɓoɓi da yatsa a kan gwiwa. Ɗango na farko, wato layin farko, gaɓa goma sha ɗaya. Na biyu, goma sha ɗaya, kuma duk suna tafiya da taki ɗaya kamar masu daka biyu a turmi guda. Da ta zo na uku sai harshenta ya yi tuntuɓe. Ta sake. Goma sha shida. Ta sa babban yatsa ta rufe "mai farar mota", ta karanta abin da ya rage: Sai gara ta kama cin ta har wuya. Goma sha ɗaya cif, kari, wato takin waƙar, ya dawo daidai.

Ta gyara zama. Ta duba baitin ƙarshe. Duk ɗangogin sama da "ya" suke ƙarewa: tsamiya, jiya, wuya, saniya. Wannan shi ne amsa-amon waƙar. Amma na ƙasa ɗaya ya ƙare da "gawayi", ɗaya da "shugaba", ba su amsa na sama ba, ba su amsa juna ba. Ga shi kuma gara da ake ce wa "ta" a sama ta rikiɗe ta koma "ya" a ƙasa. Wanda ya rubuta baitin nan ba waƙa ya dame shi ba, zagi yake sauri ya isar.

Hannu biyu ne a takardar. Wannan ta tabbata. Abin da ba ta tabbata ba shi ne ko hannu na biyun ma na yarinyar ne. Mai fushi yakan manta da kari. Ko kuma wasu ƙawaye sun zuga ta, suka ƙara nasu. Har ta yi tunanin kiran goggon yarinyar a waya, sai ta fasa. Ba ta san wa ke gaya wa wa magana ba a garin nan.

Kwana huɗu ta yi tana koyarwa da ido ɗaya a kan allo, ɗaya a kan fuskokin yara. Duk wadda ta yi murmushi sai ta ce ko ita ce. Malam Mahbub kuwa kullum sai ya tare ta a baranda, ya gaishe ta da fara'a fiye da yadda ya saba, ya ce, "Ya bincike, Malama?" Ita kuma ta ce, "Ana kai."

Ran Asabar da hantsi ta hau babur daga Kabo zuwa Dugabau. Dawa ta nuna a gonaki, ana ta tsinkar gyaɗa a bakin hanya. Aka nuna mata gidan a ƙarshen gari, kusa da garken shanu. Ta tarar da Zubaidatu a durƙushe tana hura wuta, mahaifiyarta Inna Asta na kwance a inuwar rumfa da ƙafa ɗaure da karare. Saniya ce ta take ta wajen tatsa, ƙashi ya tsage, shi ya sa aka aika yarinyar ta dawo ran Alhamis da sassafe.

Da sassafe. Malama Adawiyya ta riƙe wannan a ranta. Aka gaisa, aka yi jaje, aka kawo mata nono a ƙwarya. Sai da ta sha ta ce tana son magana da ɗalibarta.

"Zubaidatu, waƙar nan da kika rubuta mini ta tsamiya, kin haddace ta?"

"E, Malama."

"Karanta mini."

Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta rera a hankali. Malama Adawiyya na kallon bakinta, tana jiran ta ga ko za ta yi jinkiri a ɗango na uku, wurin da mai ɓoye abu zai tsaya ya tsallake. Ba ta tsaya ba. Ta wuce sumul, babu mota, babu gawayi. Sannan ta rufe da wani baiti da babu shi a takardar shugaba:

Can a gonarmu ta bakin rijiya,
Babu komai sai kututture ɗaya.

"Wace gara kike nufi a waƙar?"

Zubaidatu ta ɗago da mamaki. "Gara, Malama. Wadda ke cin itace."

"Ba wani mutum kike yi wa habaici ba?"

"Wane mutum?"

Inna Asta ta sa baki daga inda take kwance. "Tsamiyar gonarmu ce, Malama. Kakansu ya same ta a nan. Gara ta cinye cikinta ba mu sani ba, bara da damina ta faɗi da rana tsaka. Yarinyar nan kwana biyu ba ta ci abinci ba. Ta yi wani laifi ne?"

Malama Adawiyya ta miƙe. Ta ce a kai ta ta gani. Suka bi ta cikin karan dawa har bakin wata tsohuwar rijiya, ga kututture nan baƙi, cikinsa rami, jar ƙasar gara ta hau shi har sama. Ta tsaya tana kallonsa, kunya ta kama ta a kan abin da ta yi kwana biyar tana saƙawa game da yarinyar.

"Ina littafinki na aiki?"

"Ba a dawo mini da shi ba, Malama. Tun da aka kai littattafanmu ofishin mataimaki a duba ko ana yi mana gyara. Da aka dawo da su nawa babu. Na ji tsoron in faɗa, kada a ce ni na yar."

A nan Malama Adawiyya ta tuna. Satin da aka sare tsamiyar makaranta, Malam Mahbub ya aiko a kai masa littattafan kowane aji, kamar yadda yake yi sau ɗaya a zango. Kwana shida suka yi a ofishinsa. Ta kuma tuna abin da kowa ya sani ba a faɗa: shekara biyu ke nan Malam Mahbub na jiran kujerar shugaba, kuma da aka ƙara wa Alhaji Ja'afaru wa'adi, kwana uku bai zo makaranta ba.

Ta gaya wa uwa da 'ya abin da ya faru, ba ta ɓoye komai ba. Zubaidatu ta fashe da kuka. Inna Asta ta ce, "Mu dai ba mu da kowa a can sai Allah sai ke."

Ran Litinin ta shiga ofis da takardar da kuma rajistar makinta. Mutanen nan biyu na nan kamar ba su motsa ba tun wancan makon.

"Kin kawo suna?"

"Na kawo rabin amsa, ranka ya daɗe. Ina roƙon ka saurare ni har in gama."

Ta buɗe rajista ta nuna masa layi: Zubaidatu, waƙa, Tsamiyar Gonarmu, tara cikin goma, ga kwanan wata a sama, sati biyar kafin a taɓa tsamiyar makaranta. Ta ba shi labarin Dugabau da kututture da ƙafar Inna Asta, da cewa yarinyar ta bar Gwarzo kwana guda kafin a liƙa takardar. Sannan ta ce ya ba ta aron teburinsa. Ta karanta ɗango na farko tana buga teburin da yatsa, ta karanta na biyu. Alhaji Ja'afaru ya yi karatun ƙasidu a zaure yana yaro, kunnensa bai mutu ba. Ta ga kansa ya fara bin bugun ba da saninsa ba. Da ta shiga na uku da "mai farar mota" a ciki, sai kan ya tsaya cak.

"Sake," in ji shi.

Ta sake, sannan ta karanta ba tare da kalmomin uku ba.

"An cusa su ne," ya faɗa a hankali.

"An cusa su. An kuma cire baitinta na ƙarshe, wanda ya ambaci gonarsu, aka sa wani da ba shi da kari ba shi da amsa-amo. A waƙar yarinyar gara gara ce, ranka ya daɗe. Babu dabbantarwa a ciki. Wanda ya ƙara motar shi ya mai da ita mutum."

"Wane ne?"

"Wannan ilimina bai kai nan ba. Kari yana nuna inda aka taɓa waƙa, ba ya nuna hannun da ya taɓa. Abin da na sani, littafin yarinyar ya tafi dubawa tare da sauran, bai dawo ba."

Ba ta kalli Malam Mahbub ba, amma shugaban ya kalle shi. Malam Mahbub bai ko girgiza ba. Ya yi ɗan murmushi.

"Ofishina ai kasuwa ne, Alhaji. Malamai na shiga, shugabannin ɗalibai na shiga, masu shara na shiga. Ƙofar ma makullinta ya lalace tun bara, na rubuto maka a kai." Ya juyo wajenta. "Bayaninki ya yi kyau ƙwarai, Malama, na ƙaru. Sai dai wani abu ya zo mini. Wanda ya san yadda ake gina kari, ai ya fi kowa sanin yadda ake karya shi da gangan, don a ce aikin jahili ne. Kuma kafin littafin nan ya zo ofishina, mutum ɗaya ne a makarantar nan ya san akwai wannan waƙa a cikinsa."

"A gaban aji na karanta ta," in ji ta. "Yara hamsin da huɗu sun ji."

"To, kin ga an ƙara yawan waɗanda za a zarga ke nan."

Alhaji Ja'afaru ya dube shi, ya dube ta. Ta ga lokacin da maganar Malam Mahbub ta sami wurin zama a ransa, kusa da tata, ba wadda ta kori wata. Daga ƙarshe ya ninke takardar ya jefa a aljihun tebur.

"Yarinyar ta dawo karatu idan uwarta ta samu sauƙi. Ba abin da za a yi mata. Maganar nan kuma ta mutu a ɗakin nan. Ku tafi."

Ba ta mutu ba, ta dai daina fitowa fili. Zubaidatu ta dawo bayan sati biyu. Wasu yara suka riƙa nuna ta da baki suna cewa ita ce ta zagi shugaba, wasu suna yi mata kallon jaruma, kuma duka biyun ba ta so. Da aka sake ba da aikin waƙa, ta kawo baiti huɗu a kan muhimmancin tsafta, karinsu daidai, amsa-amonsu daidai, babu ko kamantawa ɗaya a ciki. Malama Adawiyya ta kira ta gefe ta tambaye ta dalili. Ta ce, "Malama, wannan ba wanda zai ce da wani nake."

Shugaban ya daina aiko wa Malama Adawiyya da takardun da yakan ba ta ta gyara masa Hausarsu. Ya kuma karɓe duba littattafai daga hannun mataimakinsa ya ba wani malami, bai faɗi dalili ba. Malam Mahbub ya ci gaba da gaishe ta kowace safiya, ya tambayi maigida da yara da hanyar Kabo, ita ma ta tambayi nasa iyalin.

Ana saura kwana uku a yi hutun zango, ta buɗe kabad ɗinta na ofishin malamai za ta kwashe kayanta. A can ƙasa, ƙarƙashin tsofaffin takardun jarrabawa, wurin da ta tabbata ta duba har sau biyu, ga littafin Zubaidatu. Ta buɗe. An yage shafin waƙar tsaf daga gindinsa. Kabad ɗin makulli biyu gare shi, ɗaya na jakarta, ɗaya na cikin tarin makullan da ke rataye a ofishin shugaba, inda kowane babban malami ke iya miƙa hannu ya ɗauka.

Ta ɗaga kai. Malamai huɗu ne a ɗakin, kowa na harkar gabansa. Ta yi tunanin kai littafin ofis, sai ta ga yadda abin zai kasance: littafin da ta ce ya ɓace a hannun wani, ga shi ya fito daga kabad ɗinta. Ta zura shi cikin jaka tsakanin rajista da mayafinta, ta kulle kabad ɗin, ta yi musu sallama, ta fita bakin titi neman motar Kabo.